"Bari in Daidaita Tukuna": Amsa ga Wani Matashi a Sabon Tasha

Tambaya: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekaruna 31, a Sabon Tasha nake zaune. A gidan Kirista aka haife ni, nakan je sujada in na sami sarari, amma ban yi baftisma ba, kuma na san ban miƙa kaina da gaske ba. Ina aiki a shagon kayan gini inda akan sa ni rubuta rasit na bogi. Akwai yarinyar da muke zaune tare, ba a ɗaura mana aure ba saboda rashin kuɗi. Mahaifina ya tsufa a ƙauye wajen Kachia, ni ke ɗauke da shi. Nufina in buɗe shago nawa, in yi aure, in gama wa Baba ɗaki biyu, sannan in bi Yesu da zuciya ɗaya. Ba na so in shiga ruwa yau, gobe a sa ni ƙarƙashin horo. Laifi ne in na jira?

Amsa: Ɗana, salama gare ka. Sau uku na karanta wasiƙarka, domin da wuya mutum ya faɗi gaskiyarsa a fili haka. Yawancin masu zuwa wurina da wannan magana sukan tsaya a kan "ban shirya ba", sai na yi ta tono kafin mu kai ga abin da ke ƙasa. Kai ka baje komai a faifai da kanka, don haka ni ma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Jiran nan kuskure ne, ina kuma roƙonka ka bar shi cikin makon nan. Na haura shekara talatin ina koyar da ajin baftisma a garin nan na Kaduna, kuma ni ma na yi irin jiran da kake yi da ƙuruciyata. Ba na so ka karɓi maganar don kawai tsoho ya faɗa, saboda haka ɗauko Littafinka mu duba tare.

Buɗe Luka 9:57-62. Mutum uku suka yi magana da Yesu yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya ce ba zai bi ba. Nan ne masu karatu kan tsallake. Na biyun, wanda Yesu da bakinsa ya kira, ya nemi a bar shi ya je tukuna ya binne mahaifinsa. Na ukun ya ce zai bi, amma bari tukuna ya yi sallama da mutanen gida. Duka biyun sun kira shi Ubangiji, sa'an nan suka gindaya masa "tukuna". A wasiƙarka na ƙirga irin wannan har uku: shago, aure, ɗaki biyu.

Amsar da Yesu ya ba na biyun takan yi wa mutanenmu nauyi, cewa ya bar matattu su binne matattunsu, shi kuwa ya je ya yi shelar Mulkin Allah. Dole ta yi mana nauyi, mu da muke girmama gawa. A wajenmu akan ajiye mamaci a mutuware mako uku ko wata guda, ana tara kuɗi, ana ɗinka anko, ana jiran 'yan Legas da 'yan Abuja su iso. Yahudawa ba haka suke ba. Al'adarsu ta fi kama da ta maƙwabtanmu Musulmi: ranar da mutum ya cika, ranar ake kai shi makwancinsa. Wanda gawar mahaifinsa ke kwance a gida ba za a same shi bakin hanya yana sauraron wa'azi ba. Shi ya sa masana da yawa suke ganin uban yana nan da rai, abin da ɗan yake nufi shi ne a bar shi ya zauna har tsoho ya kwanta dama, a raba gado, sannan ya zo. Wasu kuma suna nuna wata al'adar zamanin, inda bayan kamar shekara guda iyali kan koma kabari su tattara ƙasusuwa su zuba cikin akwatin dutse. Ko wanne ne a ciki, ba hutun yini ɗaya mutumin ya nema ba. Jinkiri ya nema wanda shi ne zai sa masa rana, kuma ya lulluɓe shi da abin da ba mai iya kushewa, wato biyayya ga iyaye.

Kada ka ji wannan ka ce an ce ka yar da mahaifinka. Yesun nan ne ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7 saboda sun koya wa mutane su ce dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su tsere wa ciyar da iyaye. Yana kan gicciye, numfashi na yi masa wuya, sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. Bulus kuma ya ce wa Timoti wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Kula da Baba yana cikin bin Yesu. Abin da ka yi shi ne ka ciro shi daga ciki ka ajiye a bakin ƙofa ya zama shinge. Na yarda kana ƙaunar mahaifinka, amma ka tambayi kanka da gaskiya: wane ɓangare na ɗaukar nauyin tsoho ne baftisma za ta hana ka? Babu. Rasit ɗin ne za ta hana, da zaman da kuke yi da yarinyar. A nan "tukuna" ɗinka take kwance.

Ga mutum na uku Yesu ya kawo misalin garma, kai kuwa ɗan manomi ne, ba sai an fassara maka ba. In ba ka taɓa riƙe garmar shanu ba, ka bi bayan mai riƙewa kana yaro. Kunyar farko ita ce uwar sauran. Mai huɗa yakan zaɓi wani abu can ƙarshen gona, ɗorawa ko suri ko kututture, ya kafa masa ido ya miƙe. Da zarar ya waiwaya, hannu ya ɗan saki, shanu su karkata, kunya ta yi gwiwa. Ta biyu jikin ta farko za ta bi, ta uku ta bi ta biyu, kafin rana ta take gonar duka ta karkace, ruwa ya sami hanyar yanka ta. Masu sauraron Yesu sun san labarin Elisha a 1 Sarakuna 19, wanda Iliya ya tarar yana huɗa ya jefa masa alkyabba. Shi ma ya nemi ya je ya yi sallama da iyayensa, aka kuwa bar shi. Amma dubi irin sallamar da ya yi: ya yanka shanun, ya faskara kayan garmar ya dafa naman da su, ya raba wa jama'a, ya tashi ya bi malaminsa. Bai bar wa kansa abin da zai koma wa ba. Akwai sallamar da ake yi don a tafi, akwai wadda ake ta ja don a sami dalilin kwana.

Waɗanda suka juya mana Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, da suka zo kan sunan masu bin Yesu sai suka ɗauki kalmar "almajiri". A ganina sun yi dace ƙwarai. Asalinta Larabci ne, tana nufin wanda ya yi ƙaura, ya bar gida. Duk ɗan Kaduna ya san yaro ba ya zama a ɗakin uwarsa ya ce in ya iya karatu zai je gaban malam. Zuwan ne yake mai da shi almajiri, iyawa daga baya take biyowa, kuma da allo fari fat ake somawa. Kai kana so ka sauke tukuna sannan ka shiga makaranta. Bitrus da Andarawas taru na hannunsu aka kira su. Lawi yana zaune a teburin karɓar haraji, aikin da kowa ya san da cuta a cikinsa, ba a ce masa ya je ya gyara suna ya dawo ba. A kan hanya aka gyara su, shekara uku ana faɗuwa ana tashi.

Na san abin da kake tsammanin zan kawo yanzu, wato mutuwa ba ta sallama. Gaskiya ne, kuma mutumin Kaduna ba ya bukatar a koya masa. Wanda ya ga rikice-rikicen da suka faru a garin nan a 2000 da 2002 da 2011, ko ya san wani da ya hau jirgin ƙasan da aka kai wa hari a hanyarsa daga Abuja ranar 28 ga Maris 2022, ya riga ya fahimci abin da Yakubu yake nufi a wasiƙarsa da ya kwatanta ranmu da hazo. Amma ba da wannan nake so in kama ka ba. Yawancin waɗanda na gani suna jira ba su mutu da wuri ba. Sun rayu, kuma abin da ya same su shi ya fi ba ni tsoro.

A masaƙun Kakuri na fara aiki, zamanin da in an tashi daga aiki kekuna ke cika titi har ba wurin sa ƙafa. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Television ni da wani abokina ɗan garinmu. Wata Lahadi da yamma 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa suka tsaya kusa da ƙofar gidanmu da gangunansu, wani dattijo ya yi wa'azi, maganar ta soke mu duka biyu. Daren nan ba wanda ya runtsa. Abokina har kuka ya yi, ni ban yi ba. Ya fi ni jin maganar nesa ba kusa ba. Kafin asuba muka yanke shawara cewa bari mu sayi fili tukuna. Dalilinmu shi ne akwai wata hanyar da muke samun kuɗin gefe da yadin da ba namu ba, mun kuma san in mun tuba dole mu bari. Ni sai da na ƙara shekara huɗu. Cikin shekarun nan aka turo mini ƙanena daga ƙauye don ya yi makaranta, a ɗakina kuma ya koyi shan giya, daga hannuna ya karɓi kofin farko. Allah ya ji ƙaina na dawo. Shi bai rabu da kwalba ba har ta kai shi kabari. Na gaskata an gafarta mini, amma gafara ba ta dawo mini da ƙanena ba. Lokacin da nake cewa jirana ba ya cutar da kowa, akwai yaro a gefena yana kallo yana koyo.

Abokina yana nan da rai. Ya sayi filin, ya gina, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya. Masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ya kama wata sana'ar, Allah kuma bai hana shi abinci ba. Duk sharuɗɗan da ya gindaya a daren nan sun cika tuntuni. Bara na je gaishe shi, muka zauna a benci ƙofar gidansa, na tuna masa da wancan dare. Ya yi shiru yana juya hularsa a hannu, can ya ce, "Fasto, duk abin da kake faɗa na san gaskiya ne, amma yanzu ba ya taɓa ni." Bai yi gardama ba, bai yi fushi ba, har rakiya ya yi mini zuwa bakin titi. Na koma gida na kasa cin tuwo. Ban fid da rai a kansa ba, kullum sunansa na cikin addu'ata, domin ba zuciyar da ta fi ƙarfin Allah. Sai dai mutumin da ya yi kuka a ɗakin nan na Television ba shi na tarar a kan bencin ba.

Abin da lissafinka ya manta ke nan, ɗana. Kana zato kai ɗin nan na yau, mai zuciyar da ta damu har ta rubuta wasiƙa, shi ne zai isa ranar da shago da aure da gini suka kammala. Ba shi zai isa ba. Wanda zai isa mutum ne da ya ƙara shekara biyar ko goma yana jin kira yana cewa ba yanzu ba, hannunsa ya saba da rasit ɗin har ya daina rawa. Ibraniyawa 3:13 ta ce mu riƙa gargaɗin juna kowace rana muddin ana ce da ita "yau", don kada yaudarar zunubi ta taurare wani. Taurarewa ba ta zuwa rana ɗaya, kamar kanta take a tafin hannun manomi, kaɗan-kaɗan har ƙaya ta daina shiga. Magina na cewa tun ran gini ran zane, domin in laka ta bushe yatsa ba ya shiga. Gwamna Filikus ya ji Bulus yana magana kan adalci da kamun kai da shari'a mai zuwa, tsoro ya kama shi, ya ce ya tafi tukuna, in ya sami zarafi zai kira shi. Ya kuwa yi ta kiransa har shekara biyu, amma Ayyukan Manzanni 24 ta nuna abin da yake nema a lokacin: yana sa rai Bulus zai ba shi kuɗi. Zarafin ya samu sau da yawa, tsoron ne ba mu ƙara jin labarinsa ba. Masu kafa hujja da ɓarawon da ya tuba a kan gicciye kuma su tuna ɓarayi biyu ne a wurin, mutuwa na kallon su duka, ɗaya ne kawai ya juyo.

Yanzu ga tsoronka na faɗuwa bayan baftisma. Ban raina shi ba, domin yana nuna ba ka ɗauki abin da wasa ba. Tsohon tsoro ne kuwa. A ƙarni na huɗu mutane da yawa sukan ɗage baftisma har sai sun ga mutuwa ta matso, don kada su ɓata ta da zunubi daga baya. Sarkin Roma Kwanstantin sai a 337, yana gab da rasuwa, aka yi masa, kuma malaman ikkilisiya na ƙarnin irin su Basil sun yi wa'azi sosai a kan wannan ɗabi'a. Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, ya ba da labarin yadda da samartakarsa yakan roƙi Allah ya ba shi tsarki amma ba yanzu ba. Shi ma ya daɗe yana zaune da mace ba aure. A 386 ya daina jan ƙafa, yana da shekara 31, daidai shekarunka.

Kuskuren da ke cikin tsoron nan shi ne ɗaukar baftisma kamar takardar shaidar gama makaranta. Alama ce ta mutuwa da tashi tare da Almasihu, a farkon tafiya ake yin ta. Za ka yi tuntuɓe bayanta, ba na shakka, domin ban taɓa yi wa mutumin da bai yi ba baftisma. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, aka kuma maido shi a bakin teku aka ba shi kiwon tumaki. Manzo Yahaya ya rubuta wa masu bi cewa in mun furta zunubanmu za a gafarta mana, kuma muna da mai tsaya mana a gaban Uba. Game da horo, zan faɗi abin da ke raina: ikkilisiyoyinmu sun sha yin sa ba daidai ba. Na ga an kunyata yarinya talaka a gaban jama'a an mai da ita bencin baya, an kuma kau da kai daga mai kuɗin da ya yi abin da ya fi nata. Wannan laifinmu ne mu shugabanni, za mu kuwa amsa. Galatiyawa 6:1 cewa ta yi a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Amma duk da haka, wanda aka hora yana cikin gida, akwai masu tambayar lafiyarsa. A inda kake tsaye yanzu ba mai horon ka, ba kuma mai neman ka in ka ɓace.

Wani zai ce ai Yesu ma ya ce mai gina hasumiya ya zauna tukuna ya yi lissafi, kuma sannu ba ta hana zuwa. Haka ne, Luka 14:28. Amma lissafi a zama ɗaya ake yin sa, kai kuma ka riga ka yi. Wasiƙarka ita ce lissafin, ka san abin da za ka biya dalla-dalla. Shiri daban, jinkiri daban. In fastonka ya ce sai ka yi wata shida a ajin baftisma, wannan shiri ne, ka yi shi da murna, domin mai zuwa aji ya riga ya kama hanya. Mai tafiya a sannu kullum yana rage nisa. Wanda ya zauna gindin bishiya yana cewa in rana ta yi sanyi zai tashi, karin maganar ba da shi take ba.

Akwai wani ɗan littafi a Tsohon Alkawari mai sura biyu kacal, Haggai, ina so ka karanta shi daren nan. Yahudawa sun komo daga bauta a Babila bayan umarnin Sairus na 538 kafin haihuwar Almasihu, suka kafa harsashin Haikali, sai wahala da maƙiya suka sa aikin ya tsaya. Har shekara ta 520 suna cewa lokacin gina gidan Ubangiji bai yi ba tukuna, alhali kowa ya rufa nasa gidan. Ba su ce ba za su gina ba. Annabin ya ce su duba al'amuransu: suna shuka da yawa suna girbe kaɗan, suna ci ba sa ƙoshi, mai aikin lada kamar a jaka mai huda yake zuba ladansa. "In na daidaita" haka take. Ranar da ka buɗe shago za ka tarar da kuɗin haya da bashin kaya. Ranar da ka yi aure ciki zai zo, sai asibiti, sai kuɗin makaranta. Ban taɓa ganin magidanci a garin nan da ya wayi gari ya ce yau komai ya daidaita ba. Abin da nake so a labarin shi ne ƙarshensa: a rana ta ɗaya ga wata na shida Haggai ya yi magana, a rana ta 24 ga watan mutane suka kama aiki. Jiran shekaru ya ƙare cikin kwana 23, kuma ba don aljihunsu ya canja ba.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da Matiyu 6:33, ya ce in ka sa Mulkin Allah farko mota da gidan bene za su biyo. Karanta ayoyin da ke gabanta: abinci da abin sha da sutura ake magana, alkawarin Uba ne cewa ya san bukatarka. Ba a yi maka alkawarin sauƙi ba. Samari uku da suka sauka Legas a Disamba 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, kafin shekara ta 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Gowans a Girku nan ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Daga aikin da suka soma ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, amma su biyun ba su ga ko ikkilisiya ɗaya ba. Ina faɗa maka wannan ne don ka shiga da ido buɗe.

Batun rasit, ka sami maigidanka shi kaɗai, ba gaban yaran shago ko masu saye ba, ka yi masa magana da ladabi. Ka ce kana so ka ci gaba da yi masa aiki, za ka ƙara himma, amma daga yau ba za ka iya rubuta kuɗin da ba a biya ba. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka nuna ka fi shi. Na ga waɗanda suka yi haka aka miƙa musu makullin kuɗi domin an gane ba za su ci amana ba, na kuma ga waɗanda aka sallama a ranar. Ban san wanne zai same ka ba. Shi ya sa kafin ka je wurinsa ka fara zuwa wurin fasto da dattawan ikkilisiya, su san abin da kake shirin yi. In aikin ya tafi, nauyinsu ne su tsaya maka har ka sami wani, kuma ka gaya musu haka ba kunya. Ikkilisiyar da ke kiran mutum ya bar cuta dole ta shirya raba tuwonta da shi. In akwai rabon da ka ci a cikin rasit ɗin kuma ka san masu shi, ka fara tunanin yadda za ka mayar, ko da kaɗan-kaɗan ne. Zakka mai karɓar haraji a ranar da Yesu ya shiga gidansa ya yi wannan alkawari.

Batun yarinyar ya fi bukatar hankali, domin rai ne ba takarda ba. Kada tubanka ya zama wulaƙancinta. Na ga samari da suka fito daga taron farkawa da zafi suka watsa wa yarinya kayanta waje suna cewa sun tuba, alhali su suka ɗauko ta daga gidan iyayenta. Wannan zalunci ne. Ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da ke zuciyarka, ka ji nata, domin wataƙila ta daɗe tana ɗauke da wannan nauyi ita kaɗai. In kun yarda za ku yi aure, ku je wurin iyayenta da manyanka cikin watan nan. Ka ce rashin kuɗi ne ya hana; kuɗin me? Sadaki da gaisuwar iyaye daban, hayar zauren biki da anko da mai hoto da shinkafar mutum ɗari biyar daban. Na ɗaura aure bayan sujadar safe da mutum ashirin da lemo kwali biyu, auren kuma yana nan lafiya. Kafin ranar, a nema mata wurin zama mai mutunci, wurin 'yar'uwarta ko wata uwa a Zumuntar Mata, kai kuma ka ci gaba da ɗaukar nauyinta.

Ɗaki biyun Baba ka ci gaba da ginawa, ko bulo goma-goma ne, da kuɗin da za ka iya duban idonsa ka faɗi inda ya fito. In ka je gida ka gaya masa shawarar da ka yanke. Na zauna da tsofaffi da yawa irinsa, abin da suka fi yi mini kuka a kai ba rufin ɗaki ba ne, 'ya'yansu ne da suka tafi birni suka yi sanyi.

Ranar Lahadin nan ka tare fasto da zarar an tashi sujada, kafin ya shige ofis da dattawa, ka ce a rubuta sunanka a ajin baftisma. In an ce sabon aji sai bayan wasu watanni, ka roƙa a haɗa ka da wani dattijo da za ku riƙa zama sau ɗaya a mako kuna karanta Bisharar Markus. Addu'ar kuwa ba sai Lahadi ba. In ka kai ƙarshen wannan, ajiye wayar ka gaya wa Ubangiji abin da ka gaya mini, yadda ka rubuta shi, har da rasit ɗin da tsoron horon, ka ce masa ka zo. In kun sa ranar auren ka aiko mini. In Allah ya bar ni da rai da ƙafa, zan zo.